Bahaushe Ba Baƙo Ba Ne Ga Sifaniyanci

A zangon da ya wuce ƙungiyarmu ta koyon harsuna ta kusa watsewa, saboda darasi guda na Sifaniyanci wanda masu harshen ke kira subjuntivo, watau sigar aikatau ta fata da buƙata da roƙo. Littafinmu ya yi bayaninsa da Turanci, muka yi ta hadda ba fahimta. Ni kaina na faɗi gwaji, wasu abokaina kuwa suka daina zuwa.

A ganina laifin hanyar koyarwa ne, domin wannan siga muna da ita a Hausa. Mukan ce "suna magana", amma in buƙata ce sai mu ce "ina so su yi magana". Ba wanda zai ce "ina so suna magana". Haka mutumin Sifaniya ke cewa hablan, amma in yana so su yi, sai ya ce quiero que hablen.

Ƙa'idar kuwa ba ta da wuya ga aikatau mai bin tsari. Ka ɗauki sigar "ni", ka yanke wasalin o na ƙarshe, sa'an nan ka yi musayar wutsiya. Aikatau mai ƙarewa da ar ya ɗauki e, mai ƙarewa da er ko ir ya ɗauki a. Misali, hablar, watau yin magana, sigar "ni" ita ce hablo. Daga nan sai a sami hable, hables, hable, hablemos, habléis, hablen. Da Hausa ke nan: in yi, ka yi, ya yi, mu yi, ku yi, su yi. Shi kuma comer, watau ci, daga como yake komawa coma, comas, coma, comamos, comáis, coman. Ranar da na jera su kusa da namu, a zama ɗaya na riƙe su.

Wani abin sha'awa kuma, suna da kalmar ojalá ta yin fata, wadda wannan siga ke biyo bayanta. Asalinta Larabci ne mai ɗauke da sunan Allah, gadon zaman da Musulmi suka yi a Andalus daga 711 zuwa 1492. Ojalá que hablen kusan daidai yake da "Allah ya sa su yi magana".

Wani zai ce ai da Turanci ake karatu a makaranta. Gaskiya ne, amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Saboda haka ina roƙon malamanmu su riƙa kwatanta irin wannan darasi da Hausa, iyaye su ƙarfafa mana gwiwa, abokaina kuma su dawo aji. Allah ya sa mu dace, amin.