Wace Manhaja Ta Dace da Maginin Nasarawar Burkullu?

Duk wanda ya taɓa halartar sulhu tsakanin mai gida da birkila a Nasarawar Burkullu, ko a Anka da Gummi, ya san galibin husumar da baki aka ƙulla ta, domin an yi jinga a zaure, an karɓi kafin alƙalami, sai da aka yaye kwano aka tarar gara ta cinye katako, siminti kuwa ya ƙara kuɗi kafin mota ta iso daga Gusau. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dako da na tifar yashi suka daina zama wuri ɗaya, har kiyasin da aka yi ranar Jumma'a yakan zama tatsuniya kafin wata ta zagayo.

Saboda haka ne samarinmu masu ilmin zamani suke kwaɗaita wa ƙananan 'yan kwangila manhajojin kiyasi irin su Buildertrend da PlanSwift. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma a ganina shawarar ba ta dace da muhallinmu ba. An tsara waɗannan ne domin maginan Amurka, waɗanda akasarin gidajensu na katako ne, da dala ake biyan kuɗin manhajojin, wasunsu kuma ba sa motsi sai da intanet. Mu kuwa ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda sha'anin tsaro. Magini da ya jingina hisabinsa ga abin da ke iya ɓacewa dare ɗaya, lalle ya yi ganganci.

Abin da ya wajaba a nema a manhaja kaɗan ne, amma babu rangwame a kansa: ta yi aiki a wayar hannu ko babu sabis, ta raba kuɗin kaya da ladan aiki, ta kuma bar mutum ya sauya farashin buhun siminti a wuri guda, jimla ta gyaru da kanta. Jadawalin Excel, wanda kowane ɗalibin sakandare mai himma zai iya shimfiɗa masa, ya wadatar. A rubuta cewa bulo goma ke cika murabba'in mita ɗaya na bango, falle ashirin ke cikin bandir na kwano, a ware gurbi na musamman domin ɓarnar da ido bai gani ba, wadda ita ce illar aikin gyara, sa'an nan a sa ranar da kiyasin zai daina aiki.

Ba kuwa bidi'a muka kawo ba. Malaman Malikiyya, tun daga Risalar Ibn Abi Zaidin har Muhtasar na Halilu, sun sharɗanta a san lada a san aiki a cikin ijara, don gudun garari, aya ta 282 a Suratul Baƙara kuma ta yi umurni da rubuta bashi. Manhaja marubuci ce kawai mai saurin lissafi. Ba za ta je kasuwa ta tambayo farashin rodi ba, ba kuma za ta hana mai son zuciya rage siminti a kwaɓi ba.

Ina kira ga shugabannin magina na ƙananan hukumomin Bukkuyum, Anka da Gummi, su haɗu su fitar da jadawali guda ɗaya da Hausa, su raba shi kyauta ta WhatsApp, masu gida kuma kada su ba da ko kwabo sai sun riƙe takardar kiyasi mai kwanan wata da sa hannun shaidu biyu.