Kujerar Wakilin Unguwa Ba Gadon Dattawa Ba Ce

Akwai wata magana da ake yawan faɗa wa samari a Zangon Kumasi duk sa'ad da ɗayansu ya ce zai tsaya zaɓe. Sai a ce masa, yaro, ka jira lokacinka. Maganar tana da kamannin hikima, gama daga bakin manya take fitowa. Amma a ƙarƙashinta unguwanni suka yi shekaru suna zaune da gota a toshe da bola a bakin masallaci da majami'a, masu jiran lokaci kuwa har sun yi furfura.

Dokar Gana ba ta ce a jira ba. Wanda ya cika shekara 18, yana da katin zaɓe, yana kuma zaune a gundumar, ya isa ya nemi kujerar wakilin unguwa, wato wanda ake kira asambuliman. Majalisar dokokin ƙasa kuwa shekara 21 ce. A Kwabre ta Gabas, nan kusa da Kumasi, mutane sun zaɓi Francisca Oteng-Mensah a 2016 tana da shekara 23, sama kuwa ba ta faɗo ba. Samarin Nijeriya sai da suka sha gwagwarmaya kafin a rage musu shekarun shiga majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25 a 2018. Abin da waɗansu suka samu da gumi, ɗan Zango yana da shi a hannu, yana kuwa barinsa a ƙasa.

Lalle tsoron dattawa yana da asali. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden daga ƙasar, manyan Zangon Kumasi ne kuwa, saboda suna cikin 'yan hamayya. A 1969 dokar Busia ta korar baƙi ta watsa gidaje da yawa. Wanda ya ga waɗannan da idonsa, in ya koya wa ɗansa ya sunkuyar da kai, ba za a zage shi ba. Amma jikokin nan a Kumasi aka haife su, a nan aka binne kakanninsu, Twi yana bakinsu kamar Hausa. Ba baƙi ba ne. Wani abin mamaki kuma, dattijon da ke hana yaro tsayawa zaɓe ba ya hana shi bin motar jam'iyya. In aikin ihu ne, ko tsaron akwati, ko dambe, ba wanda ke tambayar shekarunsa. A watan Fabrairu na 2019 an harbe wani saurayi har lahira a ofishin wata jam'iyya a Kumasi, a shekarar kuma majalisa ta yi dokar hana ƙungiyoyin 'yan banga na siyasa. Ashe yaro ya isa mutuwa domin ɗan takara, amma bai isa zama ɗan takarar ba?

Mutanen Zango sun ƙware a siyasar sama. Kowa ya san Mohammed Mubarak Muntaka, wanda Asawase ta fara aikawa majalisa a 2005, shi ma a lokacin bai kai arba'in ba. Ranar zaɓen shugaban ƙasa tun asuba layi ya miƙe. Amma ranar zaɓen majalisun gunduma, irin wanda aka yi a watan Disamba na 2023, ma'aikatan zaɓe gyangyaɗi suke yi, masu fitowa a ƙasar duka ba su kai ko rabi ba. Alhali wannan ƙaramar kujera ce ta fi kusa da tukunyar talaka.

A duba Kejetia. Sabuwar kasuwar tana da shaguna fiye da 8,000, tana kuwa cikin ikon Majalisar Birnin Kumasi. Nawa za a biya kuɗin tikiti, wa za a tasa daga bakin hanya, ina 'yan tirotiro za su ɗauki fasinja, wa zai kwashe shara, duk a hannun majalisa suke. A 2023 majalisar ta hana keken pragya shiga tsakiyar gari, matuƙansa kuwa da yawa samarin unguwannin Zango ne da ke ciyar da iyaye da shi. Ko hanin daidai ne ko kuskure, tambayar ita ce, mutum nawa cikin masu yanke shawarar suka taɓa kwana da bashin keke a wuyansu? A watan Maris na shekarar wuta ta ci wani sashe na kasuwar, a Maris na 2025 kuma ta cinye shaguna a Adum. 'Yan matan da ke dakon kaya a ka, waɗanda ake kira kayayo, suna kwana a barandar shaguna. Aboabo da Sawaba da Asawase kuwa tun 2012 suna ƙarƙashin Majalisar Asokore Mampong, kuma duk damina ruwan Aboabo yana tuna wa mutane cewa akwai wanda bai yi aikinsa ba.

Waɗansu za su ce wakili ba shi da iko, tun da shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban gunduma. Gaskiya ce, ƙuri'ar raba gardama da aka shirya a Disamba 2019 a kan zaɓen ƙananan hukumomi ma soke ta aka yi. Amma wanda aka naɗa ba ya hawa kujera sai kashi biyu cikin uku na wakilan da suka jefa ƙuri'a sun yarda da shi. Wakilai ne ke amincewa da kasafi da kuɗin haraji. Tsarin mulki na 1992 ya ce a ware wa gundumomi abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba. Saurayi mai karatu da ya iya buɗe takardar kasafi ya tambaya ina kuɗin gota ya shiga ya fi mai babbar riga da ke zuwa zama domin alawus.

Babban abin da ke kayar da samari kuwa ba dattawa ba ne, masu zaɓe ne. Doka ta hana jam'iyyu tsayar da 'yan takara a wannan zaɓe, mutum da sunansa da hotonsa yake tsayawa, hukumar zaɓe ce kuma ke shirya dandalin da kowa zai yi wa jama'a bayani. An yi haka domin talaka ya iya shiga. Amma da zarar yaro ya manna hotonsa, sai a yi masa layi: wannan suna, wannan biki, wannan kuɗin makaranta, wannan kuɗin koko. Malamin firamare ko mai gyaran waya a Kejetia ina zai samo? Sai ya janye, ko kuwa ya tafi wurin wani mai kuɗi a ɓoye, daga ranar kuwa ya zama bawansa. Unguwar da ta karɓi sidi 20 daga hannun ɗan takara ta sayar da bakinta na shekara huɗu.

Kamata ya yi kuɗin ya bi ta ɗaya hanyar. Matan da suka iya adashi su tara masa na buga takardu. 'Yan pragya su kai tsofaffi rumfar zaɓe. Ƙungiyar samari ta ikkilisiya da ta masallaci su zauna wuri ɗaya su kira shi su yi masa tambayoyi, gama ƙuruciya kaɗai ba cancanta ba ce, akwai samari ɓarayi kamar yadda akwai tsofaffi. A tambaye shi aikin gayya nawa ya taɓa jagoranta, wa ke biya masa, ko zai riƙa kiran taron unguwa ya ba da lissafi. Kirista a Zango 'yan kaɗan ne, sau da yawa yaron da ya cancanta Musulmi ne, ba abin da zai hana a bi shi gida gida ana roƙa masa ƙuri'a, tun da ruwan gota ɗaya ne ke shiga ɗakunan duka. In kuwa budurwa ce ta fito, sai an ninka ƙoƙari, domin mata a majalisun nan ba su taka kara sun karya ba, zagin da ake yi musu kuma ya fi na maza.

Bayan kujerar wakili akwai kwamitin unguwa mai mutum biyar, rana ɗaya ake zaɓensu. Shekara huɗu huɗu ake yi, na gaba zai faɗo a 2027. Wanda zai tsaya, yanzu ne ya kamata a gan shi da shebur a bakin gota, masu goyon bayansa kuma su fara zuba adashin tun kafin hukumar zaɓe ta buɗe karɓar takardu.