A ƙwace lasin uban da ya ƙi ciyar da 'ya'yansa?



Makon jiya a layin awon yara na zauna kusa da wata baiwar Allah da ɗanta ɗan wata goma sha takwas. Da aka ɗaura masa ma'aunin damtse sai ya tsaya a kan ja, wato tamowa ta yi tsanani. Hira ta yi hira, ta ce min uban yaron direban tirela ne, ya sake ta tun yaron bai fara zama ba. Ta kai ƙara, alƙali ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata, ya biya sau biyu ya ɗauke ƙafa. In an kai sammaci sai a ce yana Legas, in an koma a ce ya yi lodin shanu ya wuce Fatakwal. Ta ce: "Yaya, motarsa fa ina ganinta duk Laraba a bakin kasuwar shanu."

Wannan magana ce ta tuna min da abin da ake yi a wasu ƙasashe. A Amurka, dokar da aka yi a 1996 ta tilasta wa kowace jiha ta tanadi hanyar dakatar da lasin tuƙin wanda kuɗin ciyar da 'ya'ya suka taru a kansa, har da lasin sana'a da na farauta. Wanda bashin ya haura dala 2,500 kuma ba a ba shi fasfo. A Birtaniya kotu na iya hana mutum tuƙi har na shekara biyu, ko ta ɗaure shi na mako shida, idan ta gamsu cewa da gangan ya ƙi biya.

To, mu fa? Hukuncin kam ba mu rasa ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufatarwa a wuyan uba, kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, ko riƙon yaro yana hannun uwa, ciyarwa tana nan a kan uba: namiji har ya balaga ya iya nema, mace har ta tare a gidan miji. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan alƙali ya yanke hukunci. Wa zai bi mutumin da gidansa kan titi ne?

Da farko shawarar ƙwace lasin ta burge ni, musamman a garin da ake yi wa kirari da manyan motoci kamar Potiskum. Amma da na zauna na yi lissafi sai jikina ya yi sanyi. Direban da aka raba da sitiyari an raba shi da abincinsa, da na yaron da ake nema wa haƙƙi, da na 'ya'yan ɗayar matar da ke ɗaki waɗanda ba su ci ba su sha ba. Ko a Amurka wannan ƙorafin ya sa wasu jihohi suke barin mutum da lasin zuwa aiki kawai. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya: direbobi nawa ne a nan rashin lasin yake hana su fita? Wanda zai ji jiki shi ne mai bin doka. Ɗayan kuwa sai dai ya ƙara abin da yake miƙawa a shingen hanya, kuɗin da ya kamata su zama madara da ƙwai.

Akwai kuma bambanci tsakanin wanda ba shi da shi da wanda ya ƙi. Yaron mota da sai an yi lodi yake ganin naira, ba ɗaya yake da mai tireloli uku da ya ƙara aure wata biyu bayan saki ba. Na biyun nan, wallahi ko motar aka tsare ba zan ji tausayinsa ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a Amurkar ma mafi yawan kuɗin ba ta hanyar lasin ake karɓo su ba. Daga albashi ake cirewa tun kafin ya shiga hannun uban. Nan ne nake ganin muna da abin koyi. Direbanmu ba shi da takardar albashi, amma yana da tasha, yana da layi, yana da shugaban reshe na NURTW, kuma mai motar yana da ƙungiyarsa ta NARTO. Babu wanda yake lodi ba da sanin waɗannan ba. Me zai hana kotu ta aika kwafin hukunci ga reshen, a riƙa cire kason yaro a kowane sawu a tura wa uwar ta asusunta ko ta mai POS, da rasit? Wanda ya ƙi, a tsallake shi a layi sau ɗaya. Na san direbobi, tsallake layi ya fi musu ciwo fiye da sammaci goma. Masar kuwa tun 2004 ta kafa asusu a ƙarƙashin Bankin Nasser, yana biyan uwa sannan ya bi uban bashi. Majalisar dokoki a Damaturu za ta iya duba wannan.

Kafin nan, ke da kike cikin wannan hali, ki karɓi kwafin hukuncin a rubuce, kar ki tsaya a kan abin da aka faɗa da baki. Ki sami littafi ki riƙa rubuta ranar da aka ba ki da adadin, ki adana takardun asibiti da na makaranta. In an yi wata biyu shiru, ki koma kotun da ta yanke hukuncin tare da waliyyinki ki nemi a zartar, kada ki bari sai ya taru ya zama abin da zai ce ba zai iya ba. Yaron da ya fara ramewa ko ƙafafunsa suka kumbura kuma a kai shi asibiti a ranar, ba sai an jira kuɗin uba ba.

Ita dai baiwar Allah an ba ta abincin tamowa na mako guda, an ce ta dawo awo. Na tambaye ta ko ta taɓa zuwa wajen shugaban tasharsu, ta ce kunya take ji, wurin duk maza ne. Mun yi da ita kawunta zai je ranar Laraba da takardar kotun.