Sharhi: Ƙarin girma a rundunar sojin Najeriya, tsakanin aji da fagen daga

A farkon watan Oktoban 2025, Hedikwatar Tsaron Najeriya ta sanar da tsare hafsoshi 16, ta kuma ce cikin koke-kokensu akwai daɗewa a kan muƙami ɗaya sakamakon faɗuwa jarrabawar ƙarin girma. Ranar 24 ga watan, Shugaba Bola Tinubu ya sauya manyan hafsoshin tsaro, inda Waidi Shaibu ya zama babban hafsan sojin ƙasa. Lamurran biyu sun sake taso da tsohuwar muhawara kan abin da ya kamata ya ɗaukaka hafsa: shekarun aiki, takardun kwas, ko abin da ya nuna a fagen daga.

A ƙa'ida, matakan a shimfiɗe suke. Hafsa kan fito daga Makarantar Horas da Hafsoshi ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ya yi jarrabawa a ƙananan muƙamai, ya halarci Kwalejin Hafsoshi da ke Jaji, sannan idan ya kai matakin kanar ya nemi gurbi a Kwalejin Tsaro ta Abuja ko cibiyar Kuru. Kowane mataki yana da adadin shekarun da ake jira.

Tarihi ne ya sa aka gindaya wannan jira. Bayan juye-juyen mulkin 1966, Yakubu Gowon ya zama shugaban ƙasa yana laftanar kanar mai shekara 31, shekara guda bayan haka ya zama manjo janar. Matasan hafsoshi ne suka jagoranci manyan runduna a yaƙin basasa, kuma yunƙurin tsallaka kogin Neja zuwa Onitsha a 1967, ƙarƙashin Murtala Muhammad, ya ci rayuka masu yawa. Jarumta ba ta maye gurbin sanin dabarun jigila, leƙen asiri da tsara yaƙi, waɗanda akasari a aji ake koyo.

Sai dai yanzu yanayi ya canza. Tun 2009 sojoji ke fafatawa da Boko Haram, daga baya 'yan bindigar Arewa maso Yamma suka ƙaru. Manjon da ya shafe shekaru a yankin Tafkin Chadi ba shi da sukunin karatu irin na takwaransa da ke ofis a Abuja, alhali jarrabawa ɗaya za su zauna. Rundunar tana da hanyar saka wa gwarzo: a 2015 aka ɗaga Muhammad Abu Ali daga manjo zuwa laftanar kanar saboda bajintarsa, kafin a kashe shi a Malam Fatori a Nuwamban 2016. Amma irin wannan karramawa jefi-jefi ake yin ta.

Babbar matsalar tana can sama. Tukur Buratai ya riƙe muƙamin babban hafsan sojin ƙasa daga 2015 zuwa 2021, abin da ya toshe hanya ga na bayansa. Tun saukarsa kuwa mutum biyar suka hau kujerar, biyu daga cikinsu, Ibrahim Attahiru da Taoreed Lagbaja, sun rasu a kan aiki. Bisa al'adar soja, idan aka naɗa ƙarami shugaba, akasarin waɗanda suka riga shi shiga aiki kan yi ritaya. Ta haka ƙasa ke rasa janar-janar da ta kashe maƙudan kuɗi wajen horarwa, na ƙasa da su kuma su haye kujerun kafin su nuna.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar makaranta. Mutunta wa'adin manyan hafsoshi zai rage toshewa da ritayar gayya. Juya dakaru a kan lokaci zai ba wa na bakin daga damar halartar kwas, ya kuma kai na ofis daji. Haka nan ya kamata rahoton jagoranci a fagen fama ya samu nauyi bayyananne a gaban kwamitin ƙarin girma, domin a rage zargin uwa a gindin murhu.

Wannan ba lamarin bariki kaɗai ba ne. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce ke tantance manyan hafsoshi da amincewa da kasafin tsaro, don haka tana da hurumin tambayar yadda ake ɗaga hafsoshi da sallamarsu. Ingancin kwamandan da aka tura Zamfara ko Borno shi ke tabbatar da ko manomi zai iya zuwa gonarsa a daminar bana.