Kalmomin da mata uku suka bari

Yau zan kai ki tsibirin Newfoundland da ke gabashin Kanada, inda wata al'umma mai suna Beothuk ta taɓa zama. Masunta ne kuma mafarauta, masu shafa jar ƙasa a jiki. Da Turawa suka mamaye bakin teku, sai suka koma cikin daji, inda yunwa da tarin fuka da kashe-kashe suka ƙarar da su.

Abin da ya rage na harshensu bai kai kalmomi 500 ba, kuma daga bakin mata uku aka samo su. Ta farko yarinya ce, Oubee, da aka kama a 1791. Ta biyu Demasduit, wadda aka sace a 1819, aka kashe mijinta yana ƙoƙarin ƙwato ta, jaririnta ya rasu bayan 'yan kwanaki. Ta uku Shanawdithit, wadda ta rasu a birnin St. John's a 1829. Ita ce mutum ta ƙarshe da aka sani daga cikinsu.

Mun san suna kiran ɗakinsu na ɓawon itace mamateek. Amma yawancin abin da aka rubuta kalmomi ne ɗaiɗai, baƙi ne kuma suka rubuta yadda kunnensu ya ji. Shi ya sa har yau masana ba su tabbatar da dangin harshen ba, ko da yake wasu na zaton yana da alaƙa da harsunan Algonkiyan na maƙwabtansu.

Kada ki ce abin na nesa ne. A ƙaramar hukumar Balanga ta jihar Gombe an taɓa samun harshen Jalaa, wanda shi ma ba a gano danginsa ba. A 1992 tsofaffi kaɗan ne ke tuna kalmominsa, sauran duk sun koma harshen Cham.

To ke fa? In iyayenki na da wani harshe ban da Hausa, ko Hausar kakarki ta ɗara taki, wayar da ke hannunki ta isa. Ki naɗi muryarta tana tatsuniya ko waƙar reno, magana cikakkiya, ki kunna wa yara. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wace kalma ce kike ji a bakin kakarki, amma 'ya'yanki ba su san ta ba?