Wakilinmu Ne Ko Ubangidanmu?

A ranar 6 ga watan Yuni na shekarar 2023, gari ya waye a Lafia ana shirin rantsar da sabuwar Majalisar Dokokin Jihar Nasarawa, amma kafin rana ta faɗi sai ga majalisa ɗaya mai kujeru 24 ta haifi shugabanni biyu. 'Yan majalisa 13 sun zauna a zauren majalisa suka zaɓi Daniel Ogah Ogazi, ragowar kuwa suka taru a Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi da Masarautu suka zaɓi Ibrahim Balarabe Abdullahi, alhali kuwa su duka biyun 'yan jam'iyyar APC ne. Haka aka yi ta ja-in-ja har cikin watan Yuli kafin a sasanta, Balarabe ya ci gaba da riƙe kujera. A tsawon waɗannan makonni labarin jiharmu ya zama abin nishaɗi a jaridun ƙasar nan.

Manufar wannan muƙala ba ita ce tantance wane ɓangare ne mai gaskiya ba, domin wannan aikin lauyoyi ne. Tambayarmu ta fi wannan kusa da gida, kuma da mu take, mu malamai da ɗalibai da ke taƙama da alƙalami. A cikin waɗannan makonni, mu nawa muka ɗauki takarda muka rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarmu, ko na Lafia ta Tsakiya ko na Lafia ta Arewa ko na duk inda muka fito, muka ce masa: a wane zaure ka zauna ran nan, wa ka zaɓa, kuma da izinin wa? Kowa ya amsa wa zuciyarsa. Mun dai yi surutu a teburin mai shayi, mun yi a ɗakin hutun malamai, mun cika wayoyinmu da zagi da habaici, sa'an nan muka watse, kamar dai abin ya faru ne a wata ƙasa.

Ba kuwa wannan ne karo na farko ba. A watan Yuli na 2014, 'yan majalisa 20 daga cikin 24 sun sa hannu a takardar neman tsige Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, suka jera zarge-zarge 16. Babban Jojin jiha, Mai Shari'a Suleiman Dikko, ya kafa kwamitin mutum bakwai kamar yadda sashe na 188 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada. Majalisa ta ƙi amincewa da yadda aka kafa kwamitin, ba ta gabatar da hujja a gabansa ba, shi kuwa ya yi watsi da zarge-zargen a watan Agusta. Jama'a sun fito kan titunan Lafia suna zanga-zanga, ƙura ta tashi, ƙura ta lafa. To, amma a nan gizo ke saƙar. In zarge-zargen nan gaskiya ne, to an bar dukiyar jama'a ta tafi ba bincike. In kuwa ƙarya ne, to mutum 20 sun yi wasa da zaman lafiyar jiha. Ko ta wace fuska aka duba, akwai bayanin da waɗanda suka sa hannu suka kamata su yi wa masu zaɓensu, kuma hakkinmu ne mu nema.

Me ya ɗaure mana harshe? Amsar ba ta da daɗin ji, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun san hanyar gidan ɗan majalisa sarai, ba ma ɓata. Mukan je da asuba mu yi layi a ƙofar gida: wannan matarsa ta haihu yana neman ragon suna, wancan yana neman kuɗin rajistar ɗansa, wani kuma takardar neman aiki ce a hammata. Ƙungiyoyin ɗalibanmu ma in sun tashi bikin makon al'adu, sai a buga wasiƙa mai cike da kirari, a naɗa shi babban baƙo, a yi masa lambar yabo, ana sauraron abin da zai ajiye a ambulan. Wanda ya saba shiga gida da ƙoƙon bara, da wane ido zai koma gidan da takardar tuhuma? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ta haka muka mayar da ɗan aikenmu ubangidanmu, shi kuma ya gane cewa shirunmu yana da farashi, kuma farashin ba shi da tsada. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wani zai ce, ai ko an rubuta ba za su karanta ba, majalisa ba ta da haƙora. Tarihin jihar nan ya ƙaryata rabin wannan magana. A 2020 majalisar nan tamu ta binciki yadda aka kashe Naira biliyan ɗaya da aka ware domin gyara da katange makarantun sakandare, ta kuma nemi a sauke Sakataren Gwamnatin Jiha na lokacin, wanda shi ne ya riƙe ma'aikatar ilimi sa'ad da aka fitar da kuɗin, kuma a cikin shekarar Gwamna Abdullahi Sule ya sauke shi. Ashe dai haƙoran suna nan. Sashe na 128 na Tsarin Mulki ya ba Majalisar Dokokin Jiha ikon bincike domin tona asirin cin hanci da almubazzaranci. Matsalar ita ce, majalisa takan yi cizo ne a ranar da ta ga dama, bisa lissafinta na siyasa. Aikinmu shi ne mu sa muryarmu ta shiga cikin wannan lissafi.

Wani kuma zai ce, a bar wasiƙa, a yi masa kiranye kawai. Gaskiya ne sashe na 110 ya ba mu wannan makami a kan ɗan majalisar jiha, kamar yadda sashe na 69 ya bayar a kan na tarayya. Amma a dubi sharuɗɗan: sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu, Hukumar Zaɓe ta tantance sa hannun, sa'an nan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An gwada a maƙwabciyarmu Jihar Kogi a kan Sanata Dino Melaye, abin ya rushe a wajen tantancewa a 2018. An sake gwadawa a kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025, Hukumar Zaɓe ta ce sa hannun bai kai adadi ba. Jama'ar da ba ta iya haɗa mutum hamsin su sa hannu a wasiƙa ɗaya ba, ta yaya za ta haɗa dubbai? Yaro sai ya yi rarrafe yake tafiya.

Akwai kuma masu tsoro, kuma ba za mu raina tsoronsu ba, domin ma'aikacin gwamnati da ɗan kwangila da mai neman aiki duk suna da abin da za su rasa. Maganin wannan shi ne taro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wasiƙar mutum ɗaya ana iya cusa ta a aljihun tebur, amma wadda ta fito daga iyayen yaran makaranta guda, ko 'yan kasuwar layi guda, ko ɗaliban mazaɓa guda, kowa da sunansa da rumfar zaɓensa, ita ɗan siyasa yakan karanta ta sau biyu, domin ƙuri'u yake ƙirgawa.

Yaya za a rubuta ta? A taƙaita kirari, a bar zagi, domin kirari yana mayar da wasiƙa roƙo, zagi kuwa yana ba shi dalilin yin watsi da ita. A sa kwanan wata. A faɗi abin da ya faru kamar yadda ya tabbata, ba jita-jitar kasuwa ba. A yi tambaya guda ko biyu masu amsa: mene ne matsayinka, me ka faɗa a zauren majalisa, yaushe za ka zo mazaɓa ka yi mana bayani? A ba shi wa'adi. A kai kofe ofishin Akawun Majalisa, a sa a buga hatimin karɓa, a adana. In takardun gwamnati ake buƙata, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. In wa'adi ya cika shiru, a kai wasiƙar gidan rediyo a karanta. Shirunsa ma amsa ce, sai a ajiye masa ita har ranar da zai dawo da motar yaƙin neman zaɓe.

Wannan kuwa ba baƙuwar al'ada ba ce da muka aro daga Ingila ko Amurka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki karɓar gaisuwa da zaluncin masu mulki a Kitabul Farƙi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta buɗe wa talakawa filin wasiƙu. A 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, kuma a shekarar ne aka kafa NEPU a Kano. Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano sun yi magana a zamanin da magana ke kai mutum gidan yari. Muna koyar da rubuce-rubucensu a aji, muna yi wa ɗalibai jarrabawa a kansu, amma mu kanmu mun kasa rubuta shafi ɗaya zuwa ga mutumin da muka tsaya a rana muka zaɓa.

A nan ne nauyi ya fi hawa kan masu nazarin Hausa. A jihar da Eggon da Alago da Gwandara da Mada da Migili da Barebari da Fulani da Tibi ke cuɗanya, Hausa ce harshen kasuwa da tasha, ita ce kuma harshen da ɗan takara ke roƙon ƙuri'a da shi. Wanda ya roƙe mu da Hausa, ba shi da hujjar ƙin amsa mana da Hausa. Hasali ma sashe na 97 ya yarje wa majalisar jiha ta gudanar da aikinta da wani harshe na jihar, bayan Ingilishi, in ta zartar da ƙudurin haka. Saboda haka ɗalibin da ya koyi rubutun wasiƙa a aji ɗaya, bari ya koma unguwarsu lokacin hutu ya zama magatakardan tsofaffin da ke da koke amma ba su da alƙalami.

Wani abin kunyar zai sake ɓullowa a majalisa ko a ma'aikata, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangonmu kuwa a tsage yake. Ranar da ya ɓullo, kada mu tsaya ga tsaki da girgiza kai. Mu nemi sunan wakilinmu, mu nemi takarda, mu sa hannu da sunanmu na yanka, mu tambaye shi abin da ya yi da saƙon da muka aike shi.