Tsohuwar tabilet ba shara ba ce, ku ba yara su kwance

A gidaje da yawa a Gidan Rumji akwai tsohuwar tabilet ko waya a ƙasan akwati, ta yi nauyi, kamfani ya daina sabunta ta. Idan yaro ya ɗauko yana ƙwaƙule-ƙwaƙule, ladansa tsawa, wani lokaci har da bulala. Ni malami ne, kuma da irin wannan ƙwaƙule nake cika lokacin hutuna. Ra'ayina shi ne mu bar yaran nan, har ma mu zauna kusa da su.

Kowace tabilet tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita. Wata kamfani ya kulle ta. Wata kuwa a buɗe take: kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba kyauta. Linux ita ce ta fi suna a cikinsu. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991 yana da shekara 21, don sha'awa kawai. Yau Android ɗin da ke aljihunmu a kanta aka gina shi.

Amfanin abin a nan gida a fili yake. Manhajar LineageOS, wadda ta fito a 2016, takan farfaɗo da wasu na'urorin da kamfani ya yi watsi da su. Da Kiwix kuma ana sauke Wikipedia ta Hausa ko ta Faransanci a katin ajiya sau ɗaya, a karanta a Gidan Sori ko Tibiri ba tare da intanet ba. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ya karanta umarni da Faransanci ko Ingilishi layi-layi, ya gwada, ya faɗi, ya sake. Wannan haƙurin nake nema a aji, da ƙyar nake samu.

Iyaye za su ce yaro zai lalata. Gaskiya ne. Ba kowace tabilet ce ke karɓar sabuwar manhaja ba, kuskure ɗaya kan sa ta ƙi kunnuwa, kuma buɗe makullinta yana goge duk abin da ke ciki. Saboda haka a kafa sharaɗi: ba a taɓa wayar sana'ar uba, a kwashe hotuna tukuna, batirin da ya kumbura kuma kada yaro ya kusance shi. Amma wadda ta shekara biyu a akwati, me ake tsoron asararsa?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙon shugabannin makarantu su ware yamma ɗaya a mako, iyaye su kawo tsofaffin na'urori, a kuma sa ƴan mata a sahun gaba, don su aka fi hanawa.